Wasiƙa: Ba Kowane Gam Ne Ke Haɗa Ƙananan Motocin Kwaikwayo Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi wa matasa da malaman makarantu bayani a kan gam ɗin da ake haɗa ƙananan motocin kwaikwayo da shi. Abu ne da ake rainawa, amma shi ne ke ɓata aikin mako guda cikin minti ɗaya.

A garuruwanmu na karkarar Kano da Jigawa ƙera ƙaramar mota ba baƙon abu ba ne. Da kaka ta yi, yara kan bi gona su kwaso karan dawa su yi tirela da a-kori-kura, wasu su yanka gwangwanin madara su sa masa tayar silifas. Abin da yake sabo shi ne motocin da ke zuwa a kwali sassa-sassa, mutum ya cire ya haɗa da kansa, ya yi musu fenti. Wasu tsaraba ake kawo musu, wasu oda suke yi ta intanet, wasu a kayan gwanjo suke tsinta. Kwalin yakan zo da takardar bayani da sassa sama da ɗari wani lokaci, amma yawanci babu gam a ciki. Ko an yi odarsa daban ma ba kasafai yake isowa ba, domin yana kama wuta, masu jigilar kaya ta jirgin sama kuma ba sa son ɗaukarsa. Sai yaro ya je wajen mai tireda ya sayo sufa gulu, tunda kowa ya san shi da ƙarfi. Kafin magariba gilashin motar ya yi fari fat, ƙofa ta kafe a karkace, yatsa ya bar tambari a kan bonet.

Abin da muke so a gane shi ne, ba a zaɓen gam da ƙarfinsa. Kafin a buɗe kowace kwalba a tambayi kai: me zan haɗa, kuma da me? Roba da roba hukuncinsu daban, roba da ƙarfe daban, gilashin motar (wanda shi ma roba ce garau) daban, kara da kwali daban. Mota ɗaya takan buƙaci gam iri uku ko huɗu kafin a gama ta.

A jikin kwalin za a ga lamba kamar 1/24 ko 1/35. Ma'anarta an rage girman motar gaske sau 24 ko sau 35. Motar da tsawonta ya kai mita 4.5 za ta dawo kusan santimita 19 a ma'aunin 1/24. To haka kowane kuskure yake ninkuwa a ido: ɗigon gam mai faɗin milimita 2 a jikin ƙofa daidai yake da dunƙulen kusan santimita 5 a jikin motar gaske. Shi ya sa a wannan aiki yawan gam ya fi ƙarancinsa ɓarna.

Mafi yawan waɗannan motoci, ko na Tamiya ta Japan ne, ko Revell, ko Italeri ta Italiya, ko waɗanda ake yi a ƙasar Sin, robarsu iri ɗaya ce, ana kiranta folistarin. Ita ce mai lamba 6 a cikin alamar nan mai kusurwa uku da ake bugawa a gindin kayan roba. Manoma za su so jin cewa abin da kamfanin Airfix na Ingila ya fara yi a wannan fanni, a 1949, ƙaramar tarakta ce ƙirar Ferguson. Gam ɗin da aka tanada domin folistarin narka ta yake yi. Ruwa ne mai ƙarfi da ke tausasa fuskokin sassan biyu su cakuɗe da juna, sannan shi ya bi iska ya tafi, ya bar roba ɗaya a inda da akwai biyu, kamar yadda mai walda ke haɗa ƙarfe da ƙarfe. Wannan ne ya sa haɗinsa ba ya ɓallewa idan motar ta faɗi, kuma ana iya goge wurin ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin fenti. Amma a kula: abin da bai narka ba, ba zai riƙe ba. A kan ƙarfe, ko katako, ko tayar roba mai laushi, ko wurin da aka riga aka yi wa fenti, asarar kuɗi ne kawai.

Yana zuwa da kauri iri-iri. Akwai na cikin tiyub mai kauri, akwai matsakaici irin Tamiya mai farin murfi ko Revell Contacta mai siririyar allurar ƙarfe a baki, akwai kuma mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin mai koren murfi, kwalbar mililita 40. A ganinmu duk wanda zai sayi guda ɗaya tak, mai ruwa-ruwan nan ya kamata ya saya. Na tiyub yana jan zare, zaren ya sauka a kan bodi ya ci wurin. Idan kuma aka cika shi a wuri rufaffe, kamar cikin tankin mai ko tsakanin ɓari biyu na inji, ba shi da hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar daga ciki. Bayan kwana biyu ko uku a ga wurin ya lotsa daga waje, mai aikin kuma ya rasa dalili.

Yadda ake amfani da mai ruwa-ruwa ya saɓa wa abin da aka saba, don haka za mu ɗan tsaya a kansa. Ba a shafa shi a jikin sashe sannan a manna. Da farko a cire sashen daga firam ɗin da yake maƙale a jiki da abin yanke farce ko reza, kada a murɗe shi da hannu, domin murɗawa kan ɓanɓaro naman robar. A kankare ɗan ragowar da ya rage. A gwada haɗa sassan biyu ba gam, a tabbata sun zauna ba rata. In akwai rata a nemo abin da ya tokare, kada a sa rai gam zai cike ta. Idan sun zauna, a riƙe su a haɗe, a tsoma ɗan burushin murfin, a goge rarar a bakin kwalba, a taɓa bakin haɗin a wuri ɗaya. Ruwan zai bi tsagar da kansa ya yi tafiyar santimita 2 ko 3. A matsa gaba a sake taɓawa. A jira daƙiƙa 10 zuwa 15, sannan a matse a hankali. Za a ga wani siririn layin narkakkiyar roba ya ɓullo a bakin haɗin. Wannan alama ce mai kyau, kuma kada a taɓa shi. A bar shi ya kwana, washegari a kankare da bayan reza, a bi da samfefa mai lamba 600 sannan 1000, irin wadda ake samu wajen masu fentin mota.

Ɓarnar da ta fi yawa da wannan gam daga yatsa take zuwa. Ruwan da ke bin tsaga haka yake bin ƙarƙashin yatsa in ya same shi kusa, ya zana tambarin yatsan a jikin robar. Haka yake yi da salatif da robar ɗaure kuɗi. Saboda haka a riƙe nesa da bakin haɗi, kuma in za a ɗaure da roba ko a maƙale da abin maƙale shanya, a bari sai bayan minti biyu ko uku da sa gam. In ya ɗiga a kan bodi, kada a goge. Gogewar ce ke jawo narkakkiyar robar ta zama tabo mai zurfi. A ƙyale shi ya bushe har kwana ɗaya, sau da yawa ɗan dusashewa kawai zai bari, samfefa mai laushi ta ɗauke.

Fenti da ƙyalli su ne abu na biyu. Bamba da madubi da salansa da wilin taya kan zo da rufin azurfa mai sheƙi, gam kuma ba ya ratsa shi. Dole a kankare daidai wurin da zai taɓa ɗan'uwansa da tsinin reza har asalin robar ta bayyana. Wanda yake so ya cire ƙyallin baki ɗaya don ya sake fenti, ya jiƙa sashen a ruwan bilic na wanki irin Hypo, zai tafi, ko da yake akan sami wani rufi mai santsi a ƙarƙashi wanda shi ma sai an kankare. Sashen da aka yi wa fenti ma haka: a kankare wurin haɗi tukuna. In ba haka ba, gam ɗin zai narka fentin ya zama taɓo, haɗin ya riƙe a kan fenti, fentin ya ɓalle da shi.

To ina wanda bai samu wannan gam ba, wanda shi ne halin da yawancinmu ke ciki a Gumel ko Ringim ko Ɗambatta? Akwai madadi, amma da sharaɗin gwaji. Tinar da masu fentin mota ke sirka fenti da ita tana narka folistarin, sai dai haɗinta ya bambanta daga galan zuwa galan, wata ta yi zafi da yawa ta tsattsaga fuskar roba, wata ta ƙi ci. A yanko guntu biyu daga firam ɗin da sassan suka zo a jiki, tunda robarsu ɗaya da motar, a ɗiga musu, a matse, a bar su awa ɗaya, a gwada karyawa. In sun karye a wani wuri daban ba a bakin haɗin ba, ta yi. A zuba kaɗan a wankakkiyar ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi, a yi aiki da siririn burushi. Asiton, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, in zalla ne yana tafasa ne a digiri 56, don haka a zafinmu yakan gudu kafin ya yi aiki. Ruwan goge jan farce kuwa yawanci an sirka shi da ruwa da mai, haɗinsa ba ya ƙarko. Akwai kuma abin da muke roƙo a daina: narka farin soson kwalin talabijin a cikin fetur a ce an yi gam. Wannan ƙila ya toshe hujin kwano, amma a jikin ƙaramar mota yana daɗewa bai bushe ba, yana lanƙwasa sirara sassa, ga haɗarin gobara.

Kada a zubar da firam ɗin bayan an gama. In aka yayyanka shi ƙanana aka zuba a cikin ragowar gam mai narka roba ya kwana, zai zama kunu mai kauri da ake cike rata da shi. A riƙa sa shi kaɗan-kaɗan, domin yana motsewa yayin bushewa, kuma a ba shi kwana biyu kafin a goge.

Yanzu sufa gulu. Ba mu ce a jefar da shi ba, yana da wurinsa. Wani masanin sinadarai Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a 1958. Shi ba bushewa yake yi ba. Ɗan danshin da ke iska da jikin abin da aka ɗiga masa ne ke sa shi ya daskare. Wannan ne dalilin da yake kama yatsa nan take amma ya yi ta jan rai a kan busasshiyar roba. Yana da ƙarfi in aka ja shi kai tsaye, amma ba ya jure bugu ko murɗa, shi ya sa madubin gefe da aka manna da shi ke tsalle da zarar motar ta faɗo daga tebur. Ga shi ba ya ba da lokacin daidaita sashe. Aikinsa shi ne haɗa abubuwa mabambanta: ƙarfe da roba, sirara sassan tagulla da wasu kwalaye ke zuwa da su, wayar da aka yi eriya ko bututun birki da ita, da sassan da aka zuba da rezin, wata irin roba da ake zubawa a mazubi tana ruwa ta daskare, wadda gam mai narka roba ba ya ci. Sassan rezin a wanke su da ruwa da sabulu tukuna, domin suna zuwa da maiƙon da aka shafa wa mazubinsu.

Kada a taɓa matsa shi kai tsaye daga tiyub zuwa jikin mota. A ɗiga ɗigo ɗaya a kan murfin kwalbar lemo, a riƙa ɗiba da tsinken sakace. Wanda ya fi wannan kyau: a samu allurar ɗinki, a datse rabin kafarta da filaya ta zama mai baki biyu, a soke tsininta a guntun kara a yi mata mariƙi. Bakin nan biyu yana ɗaukar daidai abin da ake buƙata. In ya toshe a kara shi a wutar ashana, nesa da sauran kayan gam, ya ƙone. A sa gam ɗin a ɓangare ɗaya kawai na haɗin. Siririn shafi ya fi kauri saurin kamawa da ƙarfi.

Farin da yake sa wa gilashi tururinsa ne. Gam ɗin da bai gama daskarewa ba yana fitar da tururi, tururin ya sauka a kan abin da ke kusa ya haɗu da danshi ko maiƙon yatsa ya daskare fari. A cikin rufaffiyar mota ba inda zai je sai gilashi, kuma daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Idan dole ne a yi amfani da shi a cikin ɗakin motar, wajen sitiyari ko kujera, a bar wurin a buɗe ya kwana kafin a ɗora bodi.

Ana haɗa shi da bekin soda, ta masu yin kek, a cike rami: a zuba garin a ramin, a ɗiga gam, nan take ya zama dutse. Yana da amfani wajen ƙarfafa haɗi daga ciki inda ido ba ya gani. A waje kuwa a yi hattara, domin ya fi robar da ke kewaye da shi tauri, in ana gogewa sai robar ta cinye shi ya tsaya tsiri. Ko sufa gulu zalla ne aka cike rata da shi, a goge cikin awa ɗaya kafin ya gama tauri.

Gilashi da fitilu farin gam suke so, na kafintoci, irin Top Bond. Ba ya narka komai, ba ya tururi, yana bushewa ya zama garau, kuma in ya fito waje ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya bushe. A ɗiga shi da tsinke a kusurwoyi huɗu na gilashin, a riƙe da salatif daga waje, a ba shi awa biyu kafin a taɓa. Riƙonsa a kan roba ba mai ƙarfi ba ne, amma gilashi ba ya ɗaukar nauyin komai. Ƙananan ramukan fitila da ba su wuce milimita 3 ko 4 ba, ana iya cike su da ɗigonsa ya bushe ya zama kamar gilashin kansa. In gilashi ya ɗan karce, man goge baki da tsumma mai laushi na rage shi.

Tayoyi yawanci ba sa buƙatar gam, cusa su ake yi a wili. Haka ƙananan zobban roba masu laushi da ake sawa a cikin wili don taya ta riƙa juyawa, ba a sa musu komai. Abin lura ɗaya: a wasu tsofaffin kwalaye maiƙon da ke cikin robar taya yana cin wilin a hankali har ya narke bayan watanni. A yi wa gefen wilin fenti ya bushe kafin a sa taya, ya zama shamaki.

Inda nauyi yake, sai gam mai haɗi biyu, ifoksi, irin Araldite ko wanda makanikai ke kira fo minit. Shi ake sa wa gatarin taya na ƙarfe, da bodin da aka zuba da ƙarfe, da ƙugiyar da ke jan tirela. A matso layi biyu masu tsawo ɗaya a kan kwali, a gauraya minti guda cur har launin ya zama ɗaya. Ƙara ɓangaren da ke daskarar da shi ba ya sa shi sauri, sai dai ya bar shi da danƙo har abada, kuma rashin gaurayawa sosai ma haka yake yi. A karce fuskokin biyu da samfefa mai lamba 180 ko 240, a goge maiƙo da sifirit. Rarar da ta fito a share ta da sifirit tun tana ɗanya. Ko da an rubuta minti 4 ko 5 a jiki, wannan lokacin kamawa ne, cikakken ƙarfi sai ya kwana. Mai launin toka ba ya dacewa da wurin da ake gani. Ga siraran abubuwa kamar madubin gefe, gam kaɗai ba ya isa ko wane iri ne: a huda ɓangarorin biyu da tsinin allura, a cusa guntun silin wayar lantarki na jan ƙarfe, sannan a ɗiga gam.

Duk lokutan da ake rubutawa a jikin waɗannan kwalabe an auna su ne a ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 25. Mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Haɗeja da Maigatari, a ɗaki mai rufin kwano ma ya fi haka. Ƙa'idar da masu aiki da ifoksi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi, wato na minti 5 ya koma minti ɗaya da rabi ko biyu. A bazara a gauraya kaɗan-kaɗan, ko a nemi mai jinkirin kamawa, a yi aikin da sassafe bayan asuba. Gam mai narka roba kuma a riƙa rufe shi tsakanin kowace tsomawa, in ba haka ba rabin kwalba zai bi iska. Da hunturu matsalar ta juya. Danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sufa gulu ya ƙi kamawa, mutum ya ɗauka jabu aka sayar masa ya yi ta ƙarawa, ƙarin kuma ya daɗa jinkirta shi. Maganin shi ne a hura wa ɗaya ɓangaren numfashi kafin a haɗa. Ga ƙurar hunturu da ke manne wa duk haɗin da bai bushe ba, don haka a kife kwali ko roba a kan aikin. Da damina, musamman a Agusta, farin tururin sufa gulu ya fi yawa, tiyub ɗin da aka buɗe yana daskarewa cikin 'yan kwanaki, farin gam kuma yana ninka lokacin bushewarsa. A sayi ƙananan tiyub na giram 3, a goge bakin kafin a rufe, a ajiye a tsaye cikin kwalba mai murfi tare da ɗan ƙullin shan danshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, a sa kwalbar a inuwa kusa da randa.

Masu ƙera tasu daga kayan gida su ma wannan magana ta shafe su. Ɓawon karan dawa yana da santsi, gam ba ya kama shi sai an kankare. Farin cikin kara kuwa yana shan farin gam sosai, musamman in an haɗa da tsinken ɓawon da aka saba sokawa. Kwali ma farin gam yake so, siririn shafi, a danne da littafi mai nauyi, domin ruwan da ke cikinsa yana lanƙwasa kwali in ya yi yawa. Ƙaro da kokon rogo suna riƙe takarda, amma suna saki da damina, kuma suna kiran kyankyaso da tururuwa. Tayar silifas a jikin gwangwani sai Evo-Stik na masu gyaran takalma: a shafa wa ɓangarorin biyu, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa, kuma a daidaita tun farko don ba ya ba da damar gyara. Kada a kai shi kusa da folistarin ko farin soso, zai cinye su, haka ma UHU na gama-gari. Gwangwanin da maganaɗisu ke kamawa, irin na madara da tumatir, dalma ta fi masa kowane gam. Wanda ba ya kamawa, irin na lemo, alminiyom ne, dalmar gama-gari ba ta zama a kansa, sai a kankare fentin a sa ifoksi. Masu gasa bututun famfo su miƙar da shi su yi bodi, gam ɗin masu aikin famfo ko sufa gulu duk suna kama shi da kyau, amma a gasa a fili kuma kada a bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. Gam ɗin kyandir mai zafi a bar shi wajen maƙale batir da waya a ciki. Yana da kauri, kuma yana saki a zafin rana.

Robar jarka da bokiti da murfin kwalba, masu lamba 2 da 5, kusan babu gam ɗin kasuwa da ke riƙe su. In ba lamba a jiki, a jefa guntu a ruwa: in ya taso sama, irinsu ne, sai a huda a ɗaure da waya ko a sa ƙaramin sukuru. Folistarin mai tauri nutsewa take yi.

Sai batun lafiya, wanda ya fi shafar malamai da iyaye. Tina da gam mai narka roba da Evo-Stik duk suna kama wuta, kada a buɗe su kusa da murhu ko fitilar ƙwai ko kyandir, kuma a yi aiki a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke wucewa. Sufa gulu in ya zube da yawa a kan auduga ko rigar auduga yana yin zafin da zai ƙona fata. In ya manne yatsu, a jiƙa a ruwan ɗumi da sabulu, a shafa man gyaɗa, a riƙa murzawa a hankali, kada a fizge. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a buɗe fatar idon da ƙarfi, a tafi asibiti. Ƙaramar kwalbarsa tana kama da ta maganin ɗiga wa ido, saboda haka kada a ajiye su wuri ɗaya. Kuma kowa ya san bala'in shaƙar sholisho a tsakanin matasa. Waɗannan ruwaye danginsa ne. A makaranta malami ne zai riƙe su a kulle, ya tsiyaya wa ɗalibi kaɗan a gabansa. Yara 'yan firamare farin gam ya ishe su.

Muna kuma kira ga 'yan kasuwar da ke sayar da irin waɗannan motoci a Sabon Gari da sauran kasuwannin Kano, su riƙa shigo da gam mai narka roba tare da kayansu na jirgin ruwa, su ajiye shi kusa da kwalayen, su gaya wa mai saye cewa kwalba ɗaya ta mililita 40 za ta haɗa masa motoci da dama in yana rufe ta.

Wassalam.

Daga wasu malaman koyar da fasaha,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.